Muryar Tasha

Shekara ashirin da bakwai ina rungume da jita
a ƙungiyar da muka raɗa wa Tartsatsin Gulbi:
ni, da Nomau mai ganguna,
Kane mai jitar ƙasa, Ɗan Baro mai ƙaho,
sai Magagi a gaba, rigarsa tana walƙiya.

Kiɗanmu gudu ne, kamar motar gyaɗa
ta sauko gangara birki ya ƙi ci.
Lasifika ta tsage, mu ɗaure ta da roba,
fili ya cika har bisa katanga,
Magagi ya tsala ihu, mu rufa masa baya.

Sai wata damina maƙogwaronsa ya rufe.
Aka sha zuma, aka sha citta da kanumfari.
Abin da ya saura raɗa ce kawai,
kamar mai magana daga ƙasan rijiya.

Wata goma kayanmu na ƙarƙashin gado,
gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ƙaho.
Kane ne ya jawo yaron daga tasha,
wani Rabe, kamasho, siriri kamar karan dawa,
mai kiran "Ɗan Isa! Jibiya! Saura mutum ɗaya!"

Na dubi silifas ɗinsa, na dubi Kane, na yi tsaki.
Muka ɗauko tsohuwar waƙarmu ta jar akuya,
muka zabura. Yaro bai biyo mu ba.
Ya tsaya, ya bar kiɗan ya wuce shi
kamar mai jiran mota ta cika,
sannan ya shigo a makare, muryarsa duk tsakuwa,
ya ja kalma guda tun daga Sabon Gari har Tibiri
bai sauke numfashi ba a hanya.

Nomau ne ya fara miƙa wuya.
Ya sassauta sanda, bugunsa ya koma
luguden mata biyu a bakin turmi.
Ɗan Baro ya daina busa sai inda aka bar masa gurbi,
Kane ya sunkuyar da kai yana dariya.

Ni na ƙi.
Ina da wani wuri a tsakiyar waƙar
inda nake sakin yatsuna har minti huɗu,
tun zamanin kaset da shi aka san ni.
Rabe ya ce, "Baba, taɓa uku, ka bar sauran."
Kwana uku ban amsa gaisuwarsa ba.
Ran na huɗu na taɓa ukun don in tozarta shi,
sai igiyar ta yi wani kuka, ta yi shiru,
shirun ya cika ɗakin har bakin ƙofa.
Ni na kwashi kunya.

Daren da muka fito, Alhaji Jadi mai shagon taya
ya kakkaɓe riga tun waƙa ta biyu,
ya ce an mai da doki raƙumi.
Wasu suka bi shi. 'Yan kabu-kabu suka cike gurbin,
suka kashe injin, ba mai rawa, ba mai fito,
har mai shayi ya bar ruwa na ƙonewa a tukunya.

Can baya, kusa da janareta,
na hango Magagi, wuyansa naɗe da ƙyalle.
Da aka tashi ya zo ya kama kunnena:
"Wannan ba waƙata ba ce."
Ya daɗe yana kallon Rabe na naɗe waya.
"Gobe ƙarfe nawa za ku sake?"
Ya tafi, bai ce mana sai da safiya.

Rigar walƙiyar ya aiko da ita ran Laraba.
Ta yi wa yaron yawa, ba ya sa ta.
Da asuba yana tasha yana cika mota,
ni kuwa ina zaure da jita a cinya,
ina koyon abin da ba a taɓawa,
a tsufana, igiya bayan igiya.